Cajar da Baffanka Ya Ba Ka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Assalamu alaikum, Abba. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gidan da suka sauke ka a Treichville. Allah Ya saka musu da alheri. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa.

Ka karanta a hankali. Na san Faransanci ya fi zama a bakinka, rubutuna kuma ba kyau gare shi ba. Inda ka kasa ka sake komawa, amma kada ka kai wa wani ya karanta maka.

Ƙanwarka Hadiza za ta kawo maka kwalin da ka bari a ɗaki ka ce a aiko. Za ka ji ya yi sauƙi a hannu. Cajar da Baffanka ya ba ka ba ta ciki, ni na cire ta. Abin da ke ciki mitar mahaifinka ce ta awon batir, sai ƙullin dambun nama, sai wannan takarda. Kada ka yi wa Hadiza faɗa, ba ta san komai ba.

Ran da ka shigo da cajar kana murna ka ce, "Maman, y a fohi, ba damuwa, magana ta ƙare. Mai jirgin ya ce in taho da caja daga Abidjan, ga shi Baffa ya ba ni kyauta." Na ce Allah Ya sa albarka, na shige kicin. Da na fito ka ce hayaƙi ya ja mini ido, ban musa ba. Kai ɗan fari ne, ban saba zaunar da kai in yi doguwar magana ba. To abin da baki ya kasa ga shi a takarda, tun kana da sauran lokaci kafin ka hau motar San-Pédro.

Labarin mahaifinka ka san shi, duk dangi sun sani. Sai dai an saba ba da shi a gajarce: jirgi ya mutu a teku, Allah Ya ƙaddara. Gaskiya ne Allah Ya ƙaddara, ban taɓa shakka ba. Amma tunda kai ma inji za ka riƙe a jirgin masunta kamar yadda ya riƙe, ya kamata ka ji yadda abin ya bi hannunmu ɗaya bayan ɗaya.

Mu mutanen tudu ne, Abba. Goro ne ya kawo kakanka ƙasar nan. Mun san atamfa da taɓawa, mun san goro da ɓarawa, kaya kuma in muka ɗaga muka ji nauyi sai mu ce mai kyau ne. Mahaifinka ne na farko a gidanmu da ya shiga ruwa, shi ma gyaran inji ne ya kai shi. Lokacin kana firamare, cajar jirginsu ta ƙone, wato wadda ake kafewa a cikin jirgi a jona da wutar tasha idan an dawo, ta cika batir kafin a sake fita. Shi yana fama da inji ba zai iya barin wurin ba, sai ya aike ni. Ya ce, "Ki hau woro-woro, tasin haɗaka, ki je Treichville, layin masu kayan jirgi da ke bayan tashar ruwa. Ki ce ta teku, mai baki biyu. In Faransancin ya ƙi zuwa, ki ɗaga musu yatsu biyu, za su gane."

Hanyar tashar mota ta kasuwar Black take bi, shagon Baffanka kuma a bakin hanya yake. Ba a wuce shagon wan miji ba a gaisa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Amarya, ina zuwa da ranar nan?" Ka san har yau da furfurata Amarya yake ce mini. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Treichville? Ki tsallake shagon gidanku ki je wurin baƙi? Caja ai caja ce, wuta ta shiga wuta ta fita. Ɗaga wannan ki ji." Na ɗaga, da ƙyar. Ya ce, "Kin ji ko? France au revoir ce, gwanjon Turai, Bature ya yi amfani da ita, ba irin na yanzu ba da iska ke kwashewa. Wallahi ko ni zan shiga teku ita zan ɗauka."

Na duba, bakinta ɗaya. Yatsuna biyu suna cikin mayafi, ban fito da su ba. Babban mutum ya ce wallahi a gaban maƙwabtansa, ta ina matar ƙaninsa za ta ce a gwada? Na yi godiya na ɗauko.

Mahaifinka ya juya ta, ya leƙa ramukan iskar da ke gefenta, ya ga fankar da ke ciki. Ya ce, "Wannan ai ta gareji ce." Na ce, "Yaya ne ya bayar." Ya ajiye ta, ya ce, "To, za ta yi." Ka ga mu biyu ke nan, ni na kasa cewa a'a a shago, shi ya kasa mayarwa.

Don haka ka ji ni. Kayan da rai ya rataya a kai ba a karɓarsa don kunya. Ka sayi riga a wurin dangi, ka sayi takalmi, ko ya matse ka ka sa ka je ka gaishe su. Caja kuwa ka je inda ba ka jin nauyin kowa, inda za ka ce buɗe in gani ba wanda zai ji haushi. Ta teku a toshe take ruf, ba ta da ramin da iska ke shiga, wayoyinta ma a lulluɓe suke. Ta gareji numfashi take yi, a bakin teku kuwa gishiri take shaƙa. Nauyi ba ya nuna komai.

Abu na biyu shi ya fi tsaya mini a rai. Mahaifinka yana da batir biyu, niyyarsa ɗaya na tayar da inji kaɗai, ɗayan na fitilu da rediyo. Da caja ta zo da baki ɗaya, sai ya kawo na biyun gida, wai zai riƙa cika shi a nan yana kaiwa. Ana zafi a lokacin, ana yawan ɗauke wuta, Hadiza tana goye ƙuraje sun feso mata a wuya da baya, ba ta barci sai kuka. Ya haɗa mana ƙaramar fanka da batirin. Ranar da zai fita ya sunkuya zai cire, na ce, "Malam, da ka bar mana shi wannan karon, yarinyar nan sai da fankar take samun barci." Ya dubi Hadiza, ya miƙe, ya ce, "Wannan karon kawai."

Ba na son in ƙara a kan abin da ya faru, kuma ba na son in rage. Duk kwanakin da ake nemansu, fankar nan tana juyawa a ɗakinmu. Ban ma haɗa abin a raina ba sai da ya dawo ya shigo ɗakin, ya tsaya yana kallonta. Bai taɓa ɗaga mini maganar fankar nan ba har ya rasu.

Batir biyu, Abba, da caja mai baki biyu da ke cika kowanne daban. Na inji ba na kowa ba ne. Ko ni ce na roƙe ka, ko matar da za ka aura, ko ɗanka ne ke kuka, ka nemo musu wani. Wannan ya shafi wayar hannu ma. Mahaifinka ba ya iya hana mutum. Duk wanda ya miƙo waya ya ce, "Malam, a ɗan sa mini," sai ya karɓa. Ya ce akwai lokacin da wayoyi ke rataye a jikin batirin nan kamar 'ya'yan akuya a nono. Za su roƙe ka kai ma. Za su ce Bahaushen nan rowa gare shi, za su sa maka suna. Ka bar su su sa, ka jona musu a na fitilu in da hali, na inji kuwa ka rufe shi, makullin a wuyanka.

Na uku ƙarami ne a ido. Ina kai masa abinci tasha wani lokaci, aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, don ya ce tuwo na sa shi nauyi a wurin aiki. Ana gobe za su fita na shiga jirgin in ajiye kwano. Cajar tana kafe can ƙasa, kusa da inda ruwa ke taruwa. Na ga wani fari-fari da kore-kore ya taru a kan kusoshinta da inda waya ta shiga, kamar kanwa. Na sa bakin mayafina na goge. Na so in yi magana, sai na ga abokan aikinsa suna zaune, na ce a raina matar makaniki ba ta koya masa aiki a gaban mutane. Abin da na iya cewa kawai, "Tana aiki kuwa?" Ya leƙo daga wurin inji hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Ba ki ga kore ba? Ta cika." Koriyar fitilar tana ci, kyakkyawa. Wani a cikinsu, Kofi, mutumin Ghana mai yawan raha, ya ce, "Madame ta zo binciken jirgi, a ba ta hular kyaftin!" Aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida.

Bayan shekaru, yana kwance, mahaifinka ya bayyana mini. Ya ce irin wannan cajar, korenta ba ya nufin batir ya cika. Yana nufin wuta ta daina wucewa ne kawai. In batir ya cika, kore. In gishiri ya cinye wayar ta yanke daga ciki, nan ma kore. Mitar da za ta faɗa masa gaskiya tana cikin akwatin kayan aikinsa, bai ɗauko ba. Ita ce wannan da ke cikin kwalinka.

Ga yadda ya ba ni labarin tekun. Sun yi nisa, suka kashe inji don su zuba ƙugiyoyi, fitilu na ci, wayoyi na jone. Dainamon da ke cika batir in inji na tafiya dama ya yi rauni, ya sani, cajar tasha ya dogara da ita. Da suka gama ya murɗa makulli, inji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Ya sake, sai ƙas ƙas. Ya ɗauki rediyo zai kira, rediyon ma a batirin yake. Wayoyin da suka sha wutar kuwa a cike suke, amma a can ba sabis. Ya ce bai taɓa jin shiru irin wannan ba.

Ruwa ya yi ta jansu. Ruwan sha ya ƙare, suka koma tsotsar ƙanƙarar kifi, ita ma ta narke ta yi wari. Kofi ya ce yana hango bishiyoyin kwakwa, ga su can kusa, zai yi iyo ya kirawo mutane. Suka riƙe shi, suka ɗaure shi da igiya. Da rana ta take kowa ya galabaita, ya kwance kansa ya faɗa. Mahaifinka ya ce babu bishiya ko ɗaya, ruwa ne ta ko'ina. Wani babban jirgin kaya ne ya tsince sauran.

Matar Kofi tana nan, tana sayar da banda a kasuwar Adjamé, layin masu kifi. Wurinta nake saya. Kun sha tambayata me ya sa kullum miyarmu banda, ga dalili. Ba mu taɓa yin maganar ba. Takan ce, "Maman, yaya yara?" in ce lafiya, in tambayi nata.

Mahaifinka ya dawo da ƙafarsa, amma likita ya ce ƙishirwar ta taɓa ƙoda. Sauran ka gani da idonka: kumburin ƙafa, zuwa wankin ƙoda, mutumin da ke ɗaga inji ya koma buta ma sai an miƙo masa. A shekarun nan ba ya hira sai ta jirgi. Ina shafa masa mai a ƙafa yana yi mini karatu kamar ni zan fita teku. Na haddace, don hadda ita ce abin da aka koya mini tun ina ƙarama. Ga shi na miƙa maka.

Ya ce ka fara duba batirin kafin ka sayi caja, kada ka saya sannan ka duba. Ka kira mai jirgin ka tambaye shi: ƙarfin wutarsa goma sha biyu ne ko ashirin da huɗu, mai ruwa ne ko busasshe ko irin sabon nan mara nauyi, don kowanne da irin cikawarsa, caja kuma dole ta san irinsa. Ka sa ya karanto maka lambar girman da ke jikin batirin. Ƙarfin caja ya zama kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan lambar a kowane baki. In ta yi ƙanƙanta, lokacin fita zai yi ba ta gama ba. In ta yi girma ainun, za ta dafa batirin. Ya ce ka nemi wadda ke rage wuta da kanta in batir ya cika, don ba za ka kwana a tasha kana gadinta ba, kuma in ka ji batir ya yi zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka cire nan take. Ka duba wutar da take ci, don kayan gwanjo wasu na ƙasar da wutarsu rabin tamu ce. Ka kafe ta sama inda ruwa ba ya kaiwa, inda iska ke wucewa, nesa da tankin mai, kuma ba daidai saman batir ba. Fiyus a kowace waya, kusa da batirin. Sannan kowace fita, kafin a kwance igiya, ka cire caja, ka ɗan jira, ka sa mita. Ko ana yi maka ihu ana cewa ruwa zai janye, ka sa mita.

Kada in yi ƙarya, ba duka na gane ba. Shi ya sa shekaranjiya na hau woro-woro na je Treichville, tafiyar da aka aike ni tun kana firamare. Layin yana nan bayan tashar ruwa, tsakanin manyan ɗakunan ajiya. Na shiga wani shago, Faransancin ya ƙi zuwa kamar yadda ya faɗa, na ɗaga yatsu biyu. Matar da ke wurin ta ce, "Deux sorties? Mai baki biyu? Maman, jirgi gare ki?" Muka ƙarasa da Julanci. Ta sauko da ita ta ba ni. Abba, ko rabin nauyin waccan ba ta kai ba. Na tsaya riƙe da ita har matar ta jawo mini kujera. Na maimaita mata karatun mahaifinka, ta ce haka ne, ta ce in ka zo za a gwada maka a kan batir da mita kana kallo. Ban saya ba, don ban san irin batirin jirginku ba, kuma kai ya kamata ka zaɓa.

Daga can na dawo gida na ɗauki kyautar Baffanka na nufi Black.

Ina so ka san wani abu kafin in ci gaba. Baffanka bai cuce mu da gangan ba. Shi ya riƙe gidan nan da mahaifinka ya kwanta, shi ya tsaya a kan karatunka, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biyo ya duba mu. Abin da ya ba ka, da zuciya ɗaya ya bayar. Bai san teku ba ne, kuma babu wanda ya taɓa faɗa masa. Kada ka raina shi ko da a ranka.

Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Sannan na miƙe na ɗora cajar a kan teburinsa. Ya ce, "Amarya, lafiya? Yaron ya manta ta ne?" Na ce, "Yaya, ina roƙon a jona ta." Ya ce, "Ai babu batir a kusa." Na ce, "A jona ta haka nan." Maƙwabcinsa mai sayar da rediyo ya leƙo ya ce, "Alhaji, yau kwastan sun turo Hajiya ke nan?" Suka yi dariya. Baffanka yana murmushi ya sa ta a wuta.

Fankar ta tashi. Bakinta na kwance a kan tebur, bai kama komai ba. Koriyar fitila ta kama.

Na ce, "Yaya, me ta cika?"

Ya dubi fitilar, ya dubi bakin wayar. Mai rediyo ya koma shagonsa. Na faɗa masa abin da mahaifinka ya faɗa mini, a gajarce, idona a ƙasa. Ya sake duban fitilar. Can ya ce, "Waccan ma haka ta yi?" Na ce haka. Ya ce, "Ya faɗa miki, ni bai faɗa mini ba." Na ce, "Ƙaninka ne." Ya zare ta daga wuta, ya naɗe wayar a hankali, ya tura ta ƙarƙashin tebur, bai mayar da ita cikin kayan sayarwa ba. Na yi masa sallama. Bai ce a gaida gida ba, bai ba ni goron da ya saba ba. Jiya Juma'a na dafa abincinsa, bai biyo ba.

Ban san ko fushi yake ba, ko wani abu ne da ya fi fushi nauyi. Na sa dattijo ya ɗauki abin da ni na saba ɗauka, ina roƙon Allah Ya yafe mini in na yi ba daidai ba. Amma ko mene ne, tsakanina da shi ne. Kai ba a bar maka komai ba, babu kyautar da za ka ji kunyar ƙi, babu wanda zai tambaye ka ina ka kai ta. Ka je ka yi masa sallama kafin ka tafi, ka durƙusa, kada ka ta da maganar sai in shi ya tayar.

Daga inda kake zuwa layin nan da ƙafa ma za ka je. Ka kira mai jirgin yau, ka je gobe. In ana gwadawa ka kira ni, ka karanto mini abin da mitar mahaifinka ta nuna. Ba sai na gane lambar ba, ina so in ji kana karantawa.

Na so in rubuta sunanka na yanka a ƙarshen takardar nan, hannuna ya ƙi. Na bar shi haka, wannan kunyar ba ta taɓa hana inji tashi ba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya fitar da kai lafiya, Ya dawo da kai tudu duk ranar da ka fita, kai da duk wanda ke cikin jirgin. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ka riƙe sallah ko jirgi na tangaɗi. Dambun kada ka bar shi a buɗe, iskar can da laima.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Adjamé.